Allon Masu Ruwa

Daga Bebeji har zuwa duwatsun Doguwa babu wanda ya san madara kamar Malam Inuwa, kuma a shekara bakwai da ya yi yana awo, ko ɗigon ruwa ɗaya bai taɓa wucewa ta teburinsa ba. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta, kuma ba a samu wanda ya musa ba. Duk mai son musawa sai yana da gilashin awo. Gilashin kuwa guda ɗaya ne a duk yankin, yana aljihun Malam Inuwa.

A Kiru aka haife shi, ɗa na biyar a gidan manomi. Tun yana firamare ya ce likita zai zama, iyayensa suka sa masa albarka, tunda ita ce suke da ita. Da ya gama sakandare ya nemi makarantar koyon aikin lafiya har sau biyu. Sau biyu aka kafe sunaye, sau biyu ya karanta takardar daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama, ko an samu kuskure. Ba a samu ba. Daga nan ya koma tsaron kemis ɗin wani ɗan uwansa a Bebeji, inda ya yi shekara tara yana miƙa wa direbobi da 'yan acaɓa maganin ciwon jiki. A can ya koyi abubuwa biyu da suka yi masa amfani daga baya: ɗaure fuska kafin ya ba da amsa, da kuma fara magana da "a kimiyyance".

Matarsa Rabi 'yar Tudun Wada ce, ta bakin kawunta ya ji labarin aikin. Ƙungiyar makiyaya ta haɗa kai da wani kamfanin yogot na Kano sun gina cibiyar tattara madara a kan hanyar Falgore: ɗaki ɗaya, da rumfa, da tankin sanyi mai aiki da sola. Ana neman wanda ya iya karanta lamba, wanda kuma ba shi da dangi a rugar kowa. Inuwa ya cika sharuɗɗan biyu.

Aka tura shi bita ta kwana uku a Kano. Ranar farko aka yi tsafta. Rana ta biyu aka yi shinshinawa da tacewa da gwajin sifirit. Rana ta uku da safe aka nuna musu gilashi. Bayan azahar kuwa Inuwa ya lissafa cewa abin da ya rage bai wuce jawabin godiya da ɗaukar hoto ba, don haka ya sulale kasuwar Sabon Gari neman farar riga irin wadda ya ga masu koyarwar suna sawa. Ya dawo daidai lokacin hoto. Hoton yana nan rataye a ɗakinsa. Shi ne a layin gaba, kuma cikin mutum ashirin da suka yi bitar shi kaɗai ne da farar riga.

Ga yadda aikin yake. Da sassafe mata suke fara isowa da gwangwanayen alminiyon da ƙungiya ta raba musu, su jera a rumfa. Malam Inuwa ya buɗe murfi ya shinshina. Ya tace da farin ƙyalle ya duba gashi ko ƙasa. Ya ɗibi kaɗan ya haɗa da sifirit a ɗan kofi. In ta yi gudaji, to ta fara tsami ko hantsar saniyar ba lafiya, sai a mayar. Sannan a zo ga babban al'amari. Gilashin dogo ne kamar alƙalami, yana da ɗan tumbi a ƙasa da lambobi a wuya. A cika dogon kofi da madara a tsoma shi. Madara tsantsa tana ɗaga shi sama, mai ruwa tana barinsa ya nutse. Ashirin da shida ita ce iyaka. Malam Inuwa ba ya karanta lamba a ɓoye. Sai ya sunkuya, ya ɗaure fuska, ya bar wurin ya yi tsit, sannan ya miƙe ya faɗe ta da ƙarfi kamar mai sanar da ganin wata.

Matan suka sa masa Likita. Ranar farko ya ce shi ba likita ba ne, da wata murya da shi kansa bai ji ta ba.

Kada a zalunce shi, mutum ne mai amana. An kawo masa man shanu ya mayar, an kawo ƙwan zabi ya mayar, har ɗan akuya an taɓa ɗaure masa a jikin babur, ya kwance ya kai wa mai shi. Kuma abin da yake tsoro gaskiya ne. Ya san irin ruwan da ke kusa da ruga: kududdufin da shanu ke shiga har gwiwa, da rafin da ake wanki. Yakan ce wa matan, "A kimiyyance, ludayi ɗaya na ruwan nan ya isa ya kwantar da yaran unguwa guda a Kano. Ku ba za ku ga yaran ba. Ni ne idonsu a nan."

A watan farko ya mayar da gwangwani da dama saboda gilashi ya nutse. Abin ya ɓata masa rai, sai ya sa kafinta ya yi masa baƙin allo, ya rubuta a samansa da farin fenti: MASU RUWA. Ya kafa shi a rumfa, ya ce daga yau duk wadda aka kama sunanta zai hau. Tun daga ranar gilashi bai sake nutsewa ba. Malam Inuwa ya ɗauki wannan a matsayin aikin allo. Shekara biyar allon yana rataye babu ko harafi, allin yana cikin aljihun farar riga, kuma kowace safiya, in za a faɗi gaskiya, yakan ɗan taɓa shi da yatsa.

A cikin masu kawo madara akwai Furera, matar Baffa Hamman. Daga gefen dajin Falgore take zuwa a ƙafa, tafiyar sa'a ɗaya da rabi, ita kaɗai, ba ta shiga ayarin sauran mata. Shekara biyar madararta ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma shekara biyar ba a ji komai daga bakinta ba sai gaisuwa. A daminar shekara ta biyar ɗin Baffa Hamman ya samu fili a bayan cibiya ya dawo da garkensa nan. Daga rumfa ana hango bukkokinsu. Furera ta huta da tafiya. Tana gama tatsa sai ta rufe gwangwani ta taho, ta zama ita ce ta farko a layi.

Safiyar da abin ya faru, ya shinshina, lafiya. Ya tace, fes. Sifirit bai ce komai ba. Ya tsoma gilashi, gilashi ya yi ƙasa, ya ɗan taso, ya tsaya.

"Ashirin da biyar," in ji Malam Inuwa.

Ya sake faɗa, ko akwai wadda ba ta ji ba. A lokacin ya ji wani abu mai daɗi ya ratsa ƙirjinsa. Wannan daɗin ne daga baya ya fi komai hana shi sakewa.

"Furera, me kika zuba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban zuba komai ba, Likita."

"Gilashi ba ya ƙarya. Ba shi da suruki, ba shi da maƙwabci."

Goggo Kyauta ce ta yi magana daga bayan layi. Tsohuwa ce mai bakin tsiya da ta girmi uwarsa, tana kiransa angonta, yana kiranta uwargida. "Kai angona, sake tsoma shi mana, wataƙila bai gama farkawa ba."

Aka yi dariya. Ya sake tsomawa don a ga adalcinsa. Ashirin da biyar. Ya zaro alli. Allin ya sha danshin shekara biyar, sai da ya danna sau biyu kafin ya kama. Ya rubuta FURERA da manyan baƙaƙe. Ba ta iya karatun boko ba, yawancin matan ma haka, amma suna ɗaya ne a allon, ba sai an karanta wa kowa ba. Ta ce, "To." Ta ɗora gwangwaninta ta koma.

Washegari ta dawo, ita ce ta farko, ashirin da biyar. Rana ta uku ma haka. Kafin ranar kasuwar Tudun Wada sunan ya riga ta isa: Furera Mai Rijiya. Masu sayen nononta na shekara da shekaru suka koma ɗaga ludayi sama suna tsiyayowa a hankali, suna kallon yadda yake zuba, suna kallonta. Wasu suka saya duk da haka. Wasu suka matsa ƙwarya ta gaba. Baffa Hamman bai zo cibiya ya yi faɗa ba, irinsu ba sa zuwa. Da suka haɗu da Malam Inuwa a masallacin Juma'a ya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar iyali.

Mako guda ba a ga Furera ba. Ranar da ta dawo, ita ce ta ƙarshe, rana har ta ɗaga. Malam Inuwa ya tsoma gilashi, gilashi ya tsaya cak a sama.

"Talatin!" Ya juyo wajen matan da suka rage. "Kun gani? Talatin. Wannan ita ce madara. Wanda ya tuba kamar bai yi laifi ba ne." Ya zaro hankicinsa ya goge sunan da hannunsa, don a ga shi ba mai riƙo ba ne.

Shekara biyu yana ba da wannan labari. Ya ba da shi a wurin suna, ya ba da shi a mota tsakanin Tudun Wada da Kiru, ya ba wa baƙin da ƙungiya ke kawowa. Ba ya faɗar suna, sai ya ce "wata baiwar Allah", ya ɗan juya kai wajen bukkokin. Yana rufewa da cewa mutanenmu ba mugaye ba ne, ilimi ne bai kai gare su ba.

A shekara ta bakwai kamfani ya turo wata ma'aikaciyarsa daga ɗakin gwaji, Raihana, yarinya sa'ar ƙanwarsa ta ƙarshe. Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna a gefe tun safe tana kallon aikinsa har mata suka watse.

"Malam, aikinka da tsafta," in ji ta. "Abin da ya kawo ni, lambobinka kullum daidai suke, amma in madarar ta isa wurinmu sai mu tarar man cikinta ya yi kaɗan. Ina ma'aunin zafinka?"

"Wanne?"

"Wanda aka haɗa maka da gilashi."

Ya jawo akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin tebur. A can ƙasa akwai wani dogon abu a cikin ledarsa, ko buɗe ta ba a yi ba, da wani kati mai layuka da lambobi. Ya ce a zatonsa na auna zazzaɓin shanu ne, shi kuwa ba a ɗauke shi aikin duba shanu ba.

Raihana ba ta yi dariya ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗebo madara daga tanki ta bar sanyinta ya sake, ta cika dogon kofi ta ce ya auna. Ashirin da tara. Ta je wajen mai shayin bakin titi ta karɓo ruwan zafi a kwano, ta tsayar da kofin a ciki, ta sa ma'aunin zafi tana kallo.

"Yanzu ta kai ɗumin da take fitowa da shi daga jikin saniya. Sake aunawa, Malam."

Ya tsoma. Gilashi ya yi ƙasa, ya ɗan taso, ya tsaya inda ya taɓa ganin ya tsaya.

"Nawa?"

"Ashirin da biyar."

"Na zuba mata ruwa?"

"A'a."

"Madara mai ɗumi ba ta da nauyin mai sanyi. Mai yawan mai ma haka, don mai ba ya nauyi. Shi ya sa ake fara auna zafi, a duba katin nan a gyara lamba. A bita ana koyar da shi, rana ta uku da yamma." Ta miƙa masa katin. "Kuma ana iya yaudarar gilashin. In an kwashe mai lamba ta hau, in an ƙara ruwa ta sauko, sai su haɗu a daidai. Wata mai zuwa zan kawo na'urar auna mai." Ta ɗaga kai ta ga allo. "Wannan fa?"

"Tsohon abu ne," in ji Malam Inuwa.

Ya raka ta har mota, ya yi mata addu'ar sauka lafiya. Da ya dawo ya zauna a bencin mata, inda bai taɓa zama ba. Babu wanda ya ji abin da aka yi sai shi da Raihana, ita kuwa ba ta san labarin Furera ba. Zai iya fara auna zafi gobe ya ce sabon tsari ne daga Kano. Ya gwada wannan tunanin ta kowane gefe, ya ga babu inda yake yoyo. Sai dai duk inda ya juya idonsa bukkokin nan yake gani.

A gida ya kasa cin tuwon rana. Rabi ta tsare shi sai da ya faɗa mata duka, har da zancen kasuwar Sabon Gari, wanda shekara bakwai bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Wato rigar nan da nake wankewa da bula duk Juma'a," in ji Rabi, "ita ce ta ci darasin?"

"Maman Humaira, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce wasa nake? Ni ma na daina sayen nononta, Baban Humaira. A kan maganarka. Har na hana maƙwabta." Ta janye kwanon tuwon. "Sai ka je."

"In ce mata me?"

"Ka fara da 'a kimiyyance', ka ga ko zai fito."

Daga cibiya zuwa rugar Baffa Hamman tafiyar minti biyar ce. Kwana tara ta ɗauke shi. A kwanakin nan kowace safiya Furera tana zuwa a ƙarshen layi ta gaishe shi, gilashi ya tsaya a talatin, shi kuma ya faɗi lambar ƙasa-ƙasa yana kallon tebur. Goggo Kyauta ta tambaye shi ko mura ce ta kama angonta, ta dafo masa citta. Sau biyu ya kama hanya bayan la'asar, sau ɗaya ya kai har bakin shingen ƙaya, ya tsaya yana duba wayarsa kamar an kira shi, ya juyo.

Rana ta tara ya bar farar rigar a ƙusa ya tafi da kaftaninsa. Baffa Hamman yana zaune a gindin marke yana tufkar igiya. Ya shimfiɗa masa buzu. Suka gaisa: gida, iyali, shanu, ruwa, gajiya, sannan suka sake komawa kan gida. Malam Inuwa ya ja gaisuwar iya jan da za ta yi, har ta ƙare.

"Baffa, wajen mai ɗakinka na zo. Da kai ma. Laifi na yi muku."

Baffa Hamman bai tambayi wane laifi ba. Ya yi kira da Fulatanci. Furera ta fito ta durƙusa nesa kaɗan, ta ba su gefe.

Ya yi bayani. Ya faɗi zafi da sanyi, ya faɗi kati, ya faɗi cewa madarar da ya mayar sau uku ita ce mafi kyau da ta taɓa hawa teburinsa, laifinta kawai ta iso da wuri. Bai ce a kimiyyance ba. Yana magana yana tsinkar gashin buzu. Ya ce ta yafe masa don Allah, gobe kuma zai faɗa a gaban kowa, a wurin da ya ɓata ta.

"Babu komai, Likita," in ji Furera. "Ya wuce."

"Bai wuce ba. Kuma daina ce min Likita."

"To, Likita."

Baffa Hamman ya ci gaba da tufkarsa. Malam Inuwa ya ji nauyin ya ɗan ragu, har ya samu ƙarfin ƙara magana. Ya ce abin da ya fi ba shi kunya shi ne yadda ya tsaya yana cewa ta tuba, alhali ba abin da ta sauya sai jinkirin zuwa, madara ta huce a hanya.

Furera ta dubi mijinta. Mijin bai ɗago ba.

"Ba hucewa kaɗai ba ce," ta ce a hankali. "Da na kwana bakwai a gida, Goggo Kyauta ta zo ta ce in daina kuka, gilashin ba a yi masa gardama, lallaɓa shi ake yi. Ta ce in bar ta a ƙwarya ta huce, in yaɗe man da ya taso, in ƙara ruwa ludayi biyu."

"Ruwa."

"Na rijiya nake sawa, ba na kududdufi ba. Ina tacewa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce talatin."

Ba ta san wanne ne ya yi aiki a cikin ukun ba, hucewar ko yaɗe man ko ruwan, don haka shekara biyu ba ta bar ko ɗaya ba. Ta ce duk safiya in za ta zuba sai ta juya wa 'ya'yanta baya. Ta faɗi wannan ba da zargi ba, kamar mai ba da labarin inda aka kai shanu kiwo. Sannan ta tashi ta kawo masa madara a ƙwarya, sabuwar tatsa, da ɗuminta. Ya sha, don ba a mayar da ita. Bai taɓa shan mai daɗinta ba, kuma da ƙyar ta wuce masa.

A hanyar komawa ya tsara abin da zai faɗa. Zai wanke Furera ta shekara biyu da suka wuce, ba zai tona ta yau ba. Laifin ruwan nata ya ɗauke shi ya ɗora a kansa, inda ya ga ya fi dacewa.

Da safe ya jira rumfa ta cika. Ya aika aka kira Furera ta zo da wuri, ta tsaya a bayan ginshiƙi. Ya fito ba farar riga, ma'aunin zafi a hannu ɗaya, kati a ɗaya. Ya yi gwajin Raihana a gabansu da ruwan mai shayi, suka ga gilashi ya nutse a madarar da ba a taɓa ba. Sannan ya ce:

"Ku shaida. Ranar da na rubuta sunan baiwar Allah nan, ba ta zuba komai ba. Ni ne ban gama karatuna ba. Na tafi sayen riga aka yi darasin ba ni. Duk wadda ta kira ta da sunan nan na rijiya, daga bakina ta ɗauka. Ku kai wannan magana kasuwa kamar yadda kuka kai waccan."

Ya cire allon daga ƙusa ya kifa shi a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa kaftani. Ya tsaya yana jiran abin da zai biyo baya, ko tsaki, ko dariya, ko wata ta ce Allah ya isa. Ya shirya wa kowanne.

Matan suka dubi juna. Wata ta ɗan ja gwangwaninta baya da ƙafa. Can Goggo Kyauta ta gyara ɗaurin zaninta ta matso.

"Angona, ka yi magana ta mutunci, Allah ya yi maka albarka. Furera, kin ji, an wanke ki." Ta juyo gare shi. "To yanzu don mu gane. Mu ci gaba da zubawa ne, ko mu daina?"

"Ku wa?"

"Mu mana." Ta zagaya hannu a kan layin. "Tun watanka na farko muka gane ɗan gilashin nan ba ya son mai. To mu muna so, kasuwa ma tana so. Sai muka raba, kowa ya samu abin da yake so. Furera ce dai ba ta zama cikin mutane, ba ta ji ba."

Malam Inuwa ya ɗaure fuska kamar yadda ya saba kafin amsa. Daga baya ya ce su daina, na'urar auna mai tana tafe wata mai zuwa. Goggo Kyauta ta ce to, Allah ya kawo ta lafiya, ta tambaya ko ita ma na'urar shi za a koya wa, kuma bitar kwana nawa ce.

Har yanzu yana aiki a cibiyar. Yana auna zafi kafin komai, yana duba kati, yana faɗar lamba yadda mai gwangwani kaɗai za ta ji. Farar rigar kuwa, Rabi ta yanka ta, ta yi matatar koko. Furera ta koma zuwa da wuri. A kasuwar Tudun Wada wasu sun ji gyaran, wasu ba su ji ba, akwai masu ɗaga ludayi har gobe. Allon kuwa mai shayi ya roƙa, yana kare murhunsa daga iska da shi.

Mata arba'in da uku ne suke kawo madara cibiyar a shekarun nan bakwai. Suna ɗaya ne ya taɓa hawa allon masu ruwa, na wadda ba ta zuba ba.